Galmi a Ƙarshen Damina

Yajin aikin malaman jami'a da aka shiga ranar 14 ga Fabrairu 2022 ya zaunar da mu a gida har zaman ya ishi kowa. Ni ɗalibar aikin jinya ce a Zariya, kuma da damina ta yi nisa ba a koma ba, littattafaina ma na daina buɗe su. Ana cikin haka, wata Lahadi bayan an karɓi baiko, Baba Fasto ya yi sanarwa cewa wata 'yar tawaga za ta tafi Jamhuriyar Nijar aikin sa-kai a asibitin mishan na Galmi. Ana neman matasa masu jin Hausa sosai, musamman waɗanda suka san wani abu na asibiti. Tun kafin a yi addu'ar tashi na san zan ba da sunana.

A gida aka sha fama. Mama ta ce, "Ke, ta Zamfara fa za ku bi, kin sani kuwa?" Ga kuma tashin hankalin da aka yi a Sakkwato a watan Mayu bai bar zukatan mutane ba. Baba bai ce komai ba sai da dare, bayan addu'ar iyali. Ya ce mahaifinsa, kakana, Bamaguje ne daga wajen Malumfashi, kuma a ɗakin shan magani na mishan ya fara jin sunan Yesu, ranar da aka wanke masa gyambon da ya hana shi noma. "Wanda ya wanke masa ƙafar nan, shi ma uwarsa ta bar shi ne ya taho." Mama ta yi shiru. Washegari ita ce ta fara soya mini ƙuli-ƙuli da dambun nama na guzuri.

Shirin ya ɗauki makonni, don ba a tashi kawai a faɗa wa asibiti. Sai da wasiƙu suka kai suka komo, aka san ko mu su wane ne da abin da kowannenmu zai iya. Kowa ya nemi fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa. Zumuntar Mata ta tara zannuwa da sabulu da kayan jarirai har buhu biyu. Tawagar ita ce Baba Fasto, da wata tsohuwar nas mai ritaya da kowa ke kira Mama Nas, wadda ta san wurin tun da daɗewa, da samari biyu, ɗaya mai gyaran wuta, ɗaya ɗalibin gwajin jini, sai ni.

Mun tashi daga tasha a farkon Satumba da sassafe, kowa ya biya naira dubu shida zuwa Sakkwato, ban da kuɗin kaya. Daga Zariya zuwa Funtuwa hira ake yi, ana gardamar siyasa, don zaɓen 2023 ya fara kaɗawa. Muna wuce 'Yankara sai motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo. Wani dattijo a gaba ya fito da carbi, Mama Nas ta rufe ido leɓɓanta na motsi, wata mata mai goyo a gefena ta matse ɗanta a ƙirji. Hanyar Tsafe kowa ya san labarinta, 'yan bindiga kan fito daga daji su tare ta ko da rana tsaka. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gonaki. Ga ƙasa mai kyau, ga ruwa ya samu, amma sai ka wuce fili mai faɗi ciyawa ce kawai a ciki, ba wanda ya iya zuwa ya shuka. Da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, dattijon ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, Mama Nas ta ce "Mun gode Ubangiji", duk motar ta amsa musu tare, ba wanda ya tsaya duba wa ya faɗi wanne.

Shingaye kam ba su ƙirguwa. A wasu a leƙo a ce a wuce, a wasu direba ya miƙa hannu ta taga. Mun ci shinkafa da wake a Gusau, muka bi ta Talata Mafara da Tureta, muka shiga Sakkwato da la'asar sakaliya. A ɗakin baƙi na wata majami'a muka kwana. Da dare muna zaune a waje saboda zafi, Baba Fasto ya ba mu tarihin da ya ce bai kamata ɗan ikilisiyarmu ta ECWA ya je Galmi bai san shi ba. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato tamu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo da yawa ba biyu suka rasu, Gowans a Girku, can kusa da mu a ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Bingham ne ya rage, kuma daga wannan tafiyar da kowa ya ɗauka ta lalace ƙungiyar mishan ta SIM ta fito. Ikilisiyarmu ta tsaya da ƙafarta daga cikinta a 1954. Ita SIM ɗin ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da wani likita Ba'amurke, Burt Long, da matarsa. "To kun ga," in ji Baba Fasto, "gidan ƙanin ubanku za ku."

Daga Sakkwato zuwa Illela, ta Kware da Gwadabawa, ba abin faɗa sai jakuna da raƙuma da gero da ya fitar da kai. A Illela muka canza kuɗi, a nan kuma na ga fuskar Mama Nas ta canza. Jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu ɗaya. Ta ce zuwanta na baya, naira ɗari uku da 'yan kai ke sayen jakar nan, kuma a lokacin 'yan Nijar ne ke roƙon a biya su da naira. Mai canjin ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, duniya ce." Ba ta gyara masa ba, ta karɓi kuɗinta ta ɗaure a bakin zane.

Iyakar kanta ba ta yi mana wuya ba. Mutanen Illela da na Ƙonni suna ta wucewa a kan babura kamar masu zuwa wata unguwa, mu kuwa da yake mun ce za mu daɗe, sai da aka buga mana hatimi a ɓangarorin biyu. Jami'in Nijar ya duba katin rigakafi ɗaya bayan ɗaya, ya karanta wasiƙar gayyata da ke cikin Faransanci, ya tambayi Baba Fasto da Hausa, "Likita ta Galmi za ku?" Da aka ce e, ya ce an taɓa yi wa mahaifiyarsa aiki a can. Bai ƙara komai ba, ya miƙo takardun. Wannan ne karo na farko da na ji haka, kuma har muka dawo ban daina ji ba: direba, mai shayi, mai kabu-kabu, kusan kowa yana da wani nasa da ya taɓa kwanciya a Galmi.

Birnin Ƙonni gari ne na Hausawa sak, amma ido na gaya maka ka bar gida. Allunan shaguna da Faransanci, burodi dogo siriri a tsaye cikin kwando, man fetur na Najeriya a jere cikin kwalabe a bakin hanya. Na tsaya sayen burodi, yaron ya ce dala arba'in. Mama Nas ta raɗa mini cewa a nan dala sefa biyar ce, wato sefa 200 yake nufi, kuma duk ƙaramin ciniki da dala ake lissafa shi. Muka biya jaka ɗaya da rabi kowa, muka shiga wata tsohuwar mota da ta ɗauki mutane da kaji da buhunan siminti, muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Mun wuce mararrabar Tawa a Tsarnawa, mun wuce Malbaza da masana'antar simintinta. Ƙasar ja ce mai duwatsu, tuddai masu shafaffen kai, itatuwa jefi-jefi. Sai ga wani kwari kore shar, ga gari a bakin titi, ga warin albasa ya cika motar.

Ba a cikin harabar asibiti aka sauke mu ba. Samarin da Baba Fasto suna ɗakin baƙi na majami'a, ni da Mama Nas kuma a gidan wani mai bishara, wanda matarsa ta share mana ɗakin 'ya'yanta mata. Katifa a ƙasa, gidan sauro, tulu a lungu. Inna, haka muke kiranta, ba ta taɓa yarda mun ɗebo ruwa da kanmu ba. Da safe kunu da ƙosai, da rana fura, wadda a nan ita ce abincin rana na gaske, a dama ta da nono a babbar ƙwarya kowa ya sa ludayi. Da dare tuwon gero miyar kuka ko kuɓewa busasshiya, wani lokaci dambu da zogale da ƙuli. Mu a Zariya masara ta mamaye tukunya har mun fara manta ɗanɗanon tuwon gero. Kuɗin abinci da muka haɗa muka ba maigidan, sai da Baba Fasto ya yi da gaske kafin ya karɓa, kuma na lura rabinsa a kanmu ya ƙare, don nama ya yawaita a miya fiye da yadda na ga ana ci a maƙwabta.

Ranar farko da muka isa ƙofar asibiti gari bai gama wayewa ba, amma mutane sun riga sun cika. Hausawan Adar da Gobir, Buzaye da rawunansu, Fulani da sandunansu, amalanken jaki da mara lafiya kwance a kan tabarma. Da yawa sun kwana a nan. Wasu na alwala, wasu sun shimfiɗa buzu suna salla a gindin bishiya, daga ciki kuma ana jiyo waƙar sujadar safe ta ma'aikata. Wadda ta karɓe mu, wata babbar nas 'yar ƙasar, ta yi mana bayani ba kwana-kwana. Ni ɗaliba ce, ba ni da lasisi, don haka ba allura, ba ba da magani. Aikina shi ne awo, rubutu, riƙe yaro, kai takarda, tafinta idan wani likita baƙo bai iya Hausa ba, da duk abin da aka sa ni. Na ji daɗin wannan magana. Na sha jin labarin masu zuwa aikin mishan na ɗan lokaci suna yin abin da ba za a bar su su yi a ƙasarsu ba, don kawai marasa lafiyan talakawa ne. A nan an rufe wannan ƙofar tun daga farko.

Satumba da Oktoba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a wannan yankin, kuma lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama shigowa ba. Abubuwan nan biyu a jikin yara suke haɗuwa. An tura ni ɓangaren masu tamowa. Akwai wani siririn tef mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro: kore, ɗorawa, ja. In ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja. A makaranta na karanta wannan, na amsa shi a jarrabawa. Amma ranar da na naɗa shi a hannun wata yarinya mai shekara biyu, na ja shi, na ƙara ja yana ta shigewa, sai da na ɗaga kai na kalli bango kafin na iya faɗin lambar. Uwarta ba ta girme ni ba.

Abin da ya fi wuya a fahimtar da iyaye shi ne dalilin da ya sa ba a cika wa yaron ciki. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya, yana iya kashe shi. Ana farawa da wata madara mai sauƙi da ake kira F-75, kaɗan-kaɗan, bayan kowane awa biyu ko uku, dare da rana. Sai kumburi ya sauka, yaro ya fara neman abinci da kansa, sannan a matsa zuwa F-100 ko tunkuzar gyaɗar nan ta cikin leda. Uwa kuwa tana ganin ɗanta na kuka, ga fura a ƙwarya. Nan na gane amfanina. Ma'aikatan sun fi ni sanin komai, amma yara sun yi yawa, ba su da lokacin zama. Ni ina da shi. Sai in zauna a tabarma da kofi da cokali, muna ba yaro muna hira, in maimaita bayanin sau nawa ma aka tambaya. Hausarsu irin ta yamma ce, "munka taho", "mi kinka ce", kuma in na yi magana sai su yi dariya su ce ga 'yar Zazzau. Cikin 'yan kwanaki kunnena ya saba.

Wata kaka daga wani ƙauye a arewacin Madawa ta daɗe tana kallona kafin ta yi tambayar. Ta ga na sunkuyar da kai tare da mai bishara lokacin da wata uwa ta ce a yi wa ɗanta addu'a. Ta ce, "Ɗiyata, ke ko Bahausa ta?" Na ce e, Inna, uwa da uba. "Kuma addinin annasara kike yi?" Na ce ni mai bin Yesu Almasihu ce, kakana ma haka. Ta jinjina kai, ta ce ba ta taɓa sanin akwai irinmu ba. A gida wannan tambayar takan zo da ƙaya a jikinta, har mutum ya gaji da amsa ta. A bakin tsohuwar nan mamaki ne zalla. Ta tambayi sunan garinmu, ta tambayi ko muna kamun amarya da lalle a biki, ko muna tuwon suna. Da na ce duk muna yi, sai ta matsa mini wuri a tabarmarta. Daga ranar kullum sai ta ajiye mini goro, ni kuwa ba na cin goro, amma ina karɓa da hannu biyu.

Ina so in faɗi yadda na ga ana bishara a wurin, don na san abin da wasu ke zato. Ba a tambayar addinin kowa kafin a duba shi. Masu bishara na zagaya ɗakuna suna gaisuwa, wanda ya so a yi masa addu'a a yi, wanda ya so jin karatu daga Littafi Mai Tsarki a karanta masa, wanda ya ce a'a a ce Allah ya ƙara sauƙi a wuce, kuma maganinsa ba ya raguwa da ƙwaya ɗaya. Ba a ɓoye cewa don sunan Yesu aka gina wurin, ba a kuma mai da ciwon mutum tarko. Ana biyan kuɗin magani, akwai kuma asusun taimako don wanda ya kasa. Maigidanmu ya yi shekaru masu yawa a wannan aiki. Na tambaye shi wata rana ko ba ya karaya, ganin yawancin waɗanda yake yi wa addu'a za su koma gida yadda suka zo. Ya ce, "Ɗiyata, an aiko ni in ƙaunace su in kuma faɗi gaskiyar da na sani. Zuciya kuwa ba ni ke da mabuɗinta ba."

Ba duka ake ceto ba. Akwai yaron da aka kawo da dare yana sanƙarewa, tafin hannunsa fari fat saboda zazzaɓi ya cinye jininsa. Kwana uku suna gida, kwana ɗaya a hanya. Kafin jinin ya gama shiga ya cika. Uwar ba ta yi kururuwa ba. Ta goya shi a baya kamar mai barci, don in direba ya san gawa ce kuɗin mota zai ninka, ta ɗauki ƙullin kayanta. Na raka ta har bakin titi ina riƙe da kwanonta. Ba abin da na iya ce mata sai Allah ya ba da haƙuri, ta ce, "Na gode, kun yi ƙoƙari." Da na koma gida na kasa cin tuwo. Mama Nas ba ta yi mini wa'azi ba, ta zauna kusa da ni har na gama kuka, sannan ta ce in wanke fuska, da sauran yara gobe.

Jini shi ne abin da kullum ake nema a wannan lokaci. Maza da yawa na tsoron bayarwa, suna cewa ga aikin girbi a gaba, ƙarfinsu zai tafi. Duk tawagarmu mun bayar, ban da Mama Nas saboda shekaru. Jinin abokin tafiyarmu mai gyaran wuta ya dace da na wani yaro ɗan shekara tara daga wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, don 'yan Najeriya da yawa na tsallakowa nan neman magani. Taifot ce ta huda masa hanji. Cutar daga gurɓataccen ruwa take, a yi makonni ana zazzaɓi ana shan maganin kemis, sai ciki ya kumbura ya yi tauri, a lokacin kuma in ba fiɗa ba sai mutuwa. Likitocin fiɗa a nan suna ganin irin wannan sosai a ƙarshen damina, kuma cikinsu akwai 'yan Afirka da ake horarwa a asibitin. Uban yaron ya sayar da ragonsa da tunkiya kafin ya taho. Da yaron ya farfaɗo har ya fara neman kunu, uban ya nace sai an nuna masa mai jinin. Aka kira shi daga kan tsani, hannunsa duk ƙura. Dattijon ya riƙe hannun nan da nasa biyu ya yi ta sa albarka, har ya haɗa da iyayensa da zuriyar da bai haifa ba tukuna. Ni kuwa abin da ke cina shi ne, daga ƙasata wannan mutumin ya fito, ya wuce garuruwa masu asibitin gwamnati, ya ƙetare iyaka da ɗansa a kafaɗa.

Ranar Lahadi majami'a ta cika, amma cikar tata ba ta kai ajin Lahadi na yaranmu a gida ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Waƙoƙin da muka sani ne, da ganga da kacau-kacau, mata a gefe ɗaya maza a gefe ɗaya, wa'azi da Hausa ana juya shi da Faransanci. Sun san wuya su ma. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Amma ban ji ana maganar maƙwabta da ɗaci ba. Bayan sujada maigidanmu ya wuce sunan jikan limamin unguwarsu, ya tafi da Baba Fasto. Mu a Kaduna da Jos mun kai inda unguwa ta rabu, kasuwa ta rabu, kowa da gefen gadarsa. Ba na cewa Nijar aljanna ce, sace-sacen mutane ya sa baƙi Turawa ba sa yawo yadda suke so, mu ma an hana mu fita ƙauyuka. Amma a Galmi na ga ana zaman da kakata ke ba mu labarinsa.

Wata yamma Inna ta kai ni bayan gari in ga abin da ya fitar da sunan garin. Albasar Galmi, mai launin shunayya da yaji, har Turawa sun sa wa irin sunan garin, kuma manyan motoci na ɗaukar ta zuwa Gana da Kwaddibuwa da Binin. Da rani ake noma ta da ban ruwa a kwarin. A lokacin da muka je ana gyaran wurin yafa iri ne, wadda ke kasuwa kuma ta ranin da ya wuce ce da aka adana a rudu, wata bukkar kara da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa. Mai haƙurin ajiya har zuwa wannan lokaci shi ke cin riba, in ruɓewa ba ta cinye masa rabi ba. Yawancin ƙananan manoma ba sa iya jira, tun a gona suke sayarwa da araha don biyan bashin taki da man inji. Shi ya sa za ka ga buhuna tsibi-tsibi a bakin titi, kuma tafiyar minti kaɗan daga nan ga yara masu tamowa.

Daren da za mu taho, Baba Fasto ya tara mu a tsakar gidan ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ɗalibin gwajin jini ya ce yana jin kamar muna gudu ne mu bar su da aiki. Maigidanmu ya ce kada ya damu, baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma raɓa ma tana da ranarta. Na yi ta juya maganar. Nas ɗin da ta karɓe mu tana nan tun kafin in shiga firamare. Akwai mai shara da ya san sunan ƙauyen kusan kowane majinyaci. Akwai likitoci baƙi da suka haifi 'ya'yansu a nan suka koyi Hausa har da karin magana. Su ne aikin. A ikilisiyoyinmu mun fi son fita ta kwana uku da lasifika da riguna iri ɗaya, a ɗauki hotuna a sa a Facebook, a dawo a ba da rahoton yawan waɗanda suka ɗaga hannu. Kuɗin lasifika da rigunan nan zai biya fiɗar yara irin ɗan Sakkwaton nan fiye da ɗaya. Matashin da zai je kuma, ya je da niyyar a sa shi aiki, ko da wankin kofi ne, ƙarƙashin waɗanda za su ci gaba bayan ya tafi.

Da safe na zagaya sallama. Yarinyar da na fara aunawa ta koma ɗorawa, tana zaune da kanta tana lasar leda, an ce za a sallame su cikin makon. Kakar nan ta Madawa ta riga ta tafi da jikanta, ta bar mini saƙon 'yar tabarmar kaba a hannun wata maƙwabciyar gadonta. Inna ta cika mana leda da kilishi da cuku, maigida ya sa aka ɗora mana rabin buhun albasa a kan mota, duk ƙin da Baba Fasto ya yi.

Komowa ta fi zuwa sauƙi, sai dai taya da ta fashe mana kafin Talata Mafara, wadda ta sa muka kwana a Gusau don direba ya ce ba zai shiga dajin Tsafe da yamma ba, ba kuma wanda ya yi masa musu. Mun iso Zariya a makon da aka janye yajin aiki, 14 ga Oktoba. Mama ta raba albasar gida-gida a unguwa, har gidan mai unguwa. Lahadin da ta biyo aka ba ni minti goma a gaban ikilisiya, na roƙi abu biyu: a buɗe asusu na musamman don fiɗar yaran da iyayensu suka kasa biya, kuma Zumuntar Matasa ta riƙa zuwa ba da jini a asibitocin da ke nan kusa da mu kowace damina, don zazzaɓin da ke Galmi shi ne a Giwa da Soba. Dattawa sun amince da na biyun nan take, na farkon sun ce sai kwamitin kuɗi ya zauna. Mama Nas ta ce ita za ta koma da sanyi, lokacin da ake yawan kawo yaran da suka faɗa wuta wajen jin ɗumi, kuma tana neman wadda ta iya wankin ƙuna ta raka ta.